Likitan Siton Taki

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da man fetur ya zama sai wane da wane, an yi wani tela a Durun ta ƙasar Kabo mai suna Bashari. Ɗinkinsa ba laifi, in ka ɗauke kai daga hannun riga da yakan fito ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amma baki kam, Allah ya hore masa. Zamani ya yi tsanani, babu mai kawo sabon yadi sai faci da rage wando, don haka bakin ya samu sarari.

Kowace Laraba bayan la'asar sai ya rufe shago ya nufi rumfar Altine mai shayi. A nan ake jona wata 'yar talabijin da batirin mota, a kalli wasan asibitin da gidan talabijin na birni ke nunawa. Jama'a suna kallon likita, shi kuwa Bashari yana gyara wa likita aiki.

"Hawan jini ne," zai ce, tun ba a sauko da mara lafiya daga mota ba. In likitan ya ce ciwon hanta ne, sai ya girgiza kai. "Hawan jinin ne ya gangara hanta. Ku dubi yadda ya riƙe allura don Allah. Ni da hannun hagu zan fi shi."

"To ka je mana su ɗauke ka," in ji Altine.

"Lokaci nake jira."

Sai kuwa lokacin ya zo da ƙafarsa. Aka ji masu shirya wasan sun sauka a Kabo za su ɗauki wani sashe a karkara. Sun samu wani tsohon siton taki da ya shekara biyar bai ga buhu ba, sun shafe shi da farar ƙasa, sun rataya allo an rubuta ASIBITI. Bashari ya ari babur ya je, ya iske daraktan, wani siririn mutum ana ce masa Baƙo, zaune a kan bulo ya yi tagumi.

Bashari ya fara jero masa baiwar da Allah ya yi masa. Darakta bai ko ɗago kai ba.

"Kana da mata?"

"Ina da ita."

"Za ta yarda ta fito a wasa?"

"Ranka ya daɗe, ni ne fa mijinta."

Nan Baƙo ya ɗago. Ashe damuwarsa ke nan. Tun da aka tsaurara doka, namiji ba ya taɓa macen da ba tasa ba a gaban kyamara. Sati uku ke nan likitansu yana duba mata marasa lafiya daga bakin ƙofa, yana nuna su da biro, har masu kallo sun fara aiko wasiƙu suna tambaya ko tsoronsu yake ji. Ana neman fitowa ɗaya tak da likita zai riƙe hannun mace, kuma matan 'yan wasan duk sun ce a kai kasuwa.

"Aikin ba yawa," in ji Baƙo. "Ta shigo tana jiri, ta kwanta. Ka riƙe hannunta, ka dubi agogo, ka ce, ‘A kawo ruwa, za ta samu sauƙi.’ Shi ke nan. Ranar Litinin da safe. Farar riga ka zo da taka, tamu guda ce kuma mai ita yana ciki."

Kafin Bashari ya iso Durun labarin ya yi ƙiba. Wai darakta tafiyarsa kawai ya hango ya miƙe tsaye, wai tsohon likitan har da hawaye. Batun mata kuwa, ya haɗiye shi. Mutanen rumfa suka ce Allah ya sanya alheri, kowa ya ci gaba da shan shayinsa, don ba yau suka fara ji ba.

Inda gizon yake shi ne matar. Ummu Hani 'yar Malam Nata'ala ce, mai makarantar Islamiyya ta garin, kuma ita ke koyar da ajin 'yan mata. In ta yi fashin yini ɗaya sai mahaifinta ya tambaya. Malam kuwa ya riga ya ja wa surukinsa layi. A daminar da ta wuce Bashari ya ce masa ta tafi Lakwaya duba gwaggonta, ashe ya zaunar da ita ne tana tuyar ƙosai don bikin buɗe wata ƙungiyar ƙwallo da ya kafa, wadda ko ɗan wasa ɗaya bai zo ba. Malam bai ɗaga murya ba a ranar. Cewa ya yi, "Amana na ba ka. Ranar da ka sake yi min wasa da ita, da kaina zan zo in ɗauki 'yata." Kuma duk Durun an san Malam ba ya maimaita magana. Bashari yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Yana dai son a ji shi fiye da haka ne.

Ya same ta a tsakar gida ta dafe kai, ya zayyana mata komai.

"Baba Malam ya sani?" ta tambaya.

"Ya sani. Har ya sa albarka."

Ta sauke hannu daga kai. "To, tunda Kabo ce, in an gama ka kai ni asibitin gaske. Maigida, kwanan nan jikina ba daɗi. Jiri nake ji, ko warin daddawa ba na so."

Bashari ya tafa hannu. "Haka nake so! Sake faɗa, amma ki ɗan karkata wuya. Kai, ashe baiwar a gidan take gaba ɗaya!"

"Da gaske nake."

"Ai shi ake nema, a ga kamar da gaske."

Ummu Hani ta bi shi da kallo. Akwai abin da take zargi, amma auren fari ne, kunya ba za ta bar ta ta faɗa da baki ba. Ta yi zaton likitan da ke gano ciwo daga cikin talabijin zai gano na cikin gidansa. Washegari da ya ji tana kelaya amai a bayan ɗaki, sai ya ɗaga murya daga shago ya ce ta rage, ta adana saura sai gaban kyamara.

Daga nan ya wanke ƙafa ya je zauren Malam. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsugunna, aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da ruwa, aka sake gaisawa.

"Allah ya gafarta Malam, dama mutuniyar ce ba ta ɗan jin daɗi. Na ce ranar Litinin in kai ta asibiti Kabo."

"Subhanallahi. Me ke damunta?"

"Ɗan hawan jini ne, ba wani abu ba."

Malam ya ce Allah ya sawwaƙe, zai sa yara su yi mata addu'a. Bashari ya fito yana murmushi, yana yaba wa kansa da kaifin basira.

Saura riga. Ranar Lahadi ya shiga kasuwar Gwarzo, ya taya farin yadi, ya ji kuɗin ya ja da baya. Abin da aljihunsa ya kai shi ne alawayyo, farin ƙyallen nan da kowa ya san ba a sayensa sai za a yi wa mamaci sutura.

"Yanko min yadi biyar."

Mai yadi ya ajiye almakashi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Namiji ne ko mace?"

"Ina ruwanka? Yanka."

Yana naɗe ƙyallen sai ga Altine ya zo sayen sukari. Altine ya riga ya ji a masallaci ana yi wa 'yar Malam addu'ar samun sauƙi. Ya dubi ƙunshin, ya dubi Bashari.

"Bashari, ashe jikin ya kai haka?"

"Wane jiki? Rigar likita zan ɗinka."

Altine ya dafa kafaɗarsa. "Allah sarki. Yi haƙuri, ka riƙa ambaton Allah."

"Na ce maka rigar likita ce!"

"Na ji, na ji. Sannu."

Ran nan ne kaɗai Bashari ya faɗi gaskiya tsagwaronta a kasuwa, kuma ran nan ne aka tabbatar baƙin ciki ya taɓa masa kai. Labarin likitanci kwana huɗu yana yawo a Durun bai samu mai saye ba, amma labarin likkafani kafin magariba ya shiga kowane gida sai na Malam, don an rasa mai ƙarfin halin kai shi. Masu wucewa suna jin ƙarar keken ɗinki a shagon da aka rufe, suna girgiza kai.

Litinin da sassafe ya goya Ummu Hani a babur ɗin aro suka kama hanya. Hanyar kuwa duk rami ce, shi kuma yana gudu kada tsohon likitan ya yi masa zagon ƙasa. Sau biyu tana cewa ya tsaya, sau biyu yana cewa sun kusa.

Ba su daɗe da tafiya ba labari ya faɗa kunnen Iya Asta, kakar Ummu Hani, tsohuwar ungozoma wadda rabin garin a hannunta aka haife su. Iya ba ta san rufa-rufa ba. Ta shiga zauren ɗanta Malam tana salati, ta ce an tafi da yarinya asibiti, miji har ya tanadi likkafani, su kuma suna nan zaune. Kafin hantsi an cika a-kori-kura da dangi da maƙwabta, da tabarmi da butoci da kwanukan kunu. Altine ma ya rufe rumfa ya ɗare baya.

A siton taki kuwa aiki ya kankama. Rufin kwano ne, an rufe tagogi saboda haske, an kunna manyan fitilu, janareto yana ta ruri a waje. Warin tsohon taki ya taso ya haɗu da na farar ƙasa. Bashari ya fito cikin rigarsa, hannun dama ya rufe yatsu, na hagu ya tsaya a gwiwar hannu. Aka rataya masa abin sauraren ƙirji a wuya, ya ji duniya ta zama tasa.

"Akshin!" in ji darakta.

Ummu Hani ta shigo ta kwanta. Bashari ya riƙe hannunta, ya juya ya fuskanci kyamara. "Da farko ina miƙa gaisuwa ga jama'ar Durun, musamman masu cewa ba zan iya ba."

"Kat! Malam, wa ya ce ka gaisa?"

Aka sake. Wannan karon ya ɗora abin sauraren a goshinta.

"Kat! A ƙirji ake sa shi. Ma bar shi, ba ma buƙata."

"A kai ciwon yake, ranka ya daɗe. Zamani ya canja."

A karo na uku ya dubi agogo, ya tarar ya tsaya, ya tambayi mai kyamara ƙarfe nawa. A na huɗu ya ce a kawo ruwa, sannan ya ƙara da cewa a kawo jini leda biyu da wuƙar fiɗa. Kowane karo sai Ummu Hani ta tashi ta koma bakin ƙofa ta sake shigowa. Gumi ya jiƙa mata mayafi.

"Maigida," ta ce a hankali, "numfashina yana sama."

"Ba Maigida ba, Dokta. Mutane suna ji."

A karo na bakwai ba ta kai gadon ba. Ta yi taku uku, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta zube ƙasa. Darakta ya zabura ya riƙe hannun mai kyamara yana raɗa, "Kada ka kashe, kada ka kashe!" Bashari ya waiwaya yana washe baki.

"Ni na koya mata. Kwana huɗu kacal."

Ya tsugunna a nutse, ya kama hannunta, ya dubi mataccen agogonsa. "Hawan jini ne. A kawo ruwa, za ta samu sauƙi." Ya ɗan matsa hannun alamar ta tashi an gama. Ba ta motsa ba. Ya sake matsawa. Shiru.

Daidai nan a-kori-kura ta ci birki a ƙofa. Sun tambayi asibiti a bakin hanya, wani ya nuna musu sabon da aka buɗe. Iya Asta ce ta fara shigowa, ta ga jikarta a ƙasa, ta ga mutum tsugunne a kanta cikin alawayyo. Ta ƙwalla salati, mata suka amsa daga waje. Sai ta matso ta ƙare wa rigar kallo.

"Kai! Likkafanin ne ka saka? Ita ce za ta mutu ko kai?"

"Iya, aiki muke, kin shigo cikin..."

"Tashi min nan, likitan wando!"

Ta ture shi ya faɗa kan ƙarfen ƙarin ruwa, wanda ashe ledar ruwan sha aka ɗaura masa, ta fashe ta wanke shi. Iya ta sa aka ɓalle tagogi, aka kashe fitilu. Ta yayyafa wa yarinyar ruwan buta, ta yi mata fifita da bakin zane. Can Ummu Hani ta ja dogon numfashi ta buɗe ido. Iya ta duba idon, ta duba tafin hannu, ta sunkuya ta yi mata tambaya biyu a kunne. Yarinya ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohuwa ta miƙe, ta toshe hanci, ta rangaɗa guɗa.

"Ku ajiye kuka! Ƙaruwa ce! Wata uku, in ban yi ƙarya ba. Ko akuyar gidana ta kalle ta za ta gane, amma ga mijin nan da igiya a wuya wai hawan jini."

Wurin ya kaure. Waɗanda suka zo da hawaye suka ɓuge da dariya, 'yan wasa suka shiga yi wa juna barka kamar danginsu ne. Bashari kansa ya ji wani daɗi ya tsarga masa tun daga ƙafa. Zai zama uba! Sai dai daɗin bai gama isa kai ba ya hango Malam Nata'ala tsaye a bakin ƙofa, yana duban fitilu da wayoyi da allon ASIBITI.

Aka kawo benci Malam ya zauna. Darakta Baƙo ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, ya nemi afuwa, ya ce shi an gaya masa kowa ya amince. Malam ya juya wajen 'yarsa.

"Kin san ban sani ba?"

"Ya ce kun sa albarka, Baba."

Bashari ya sunkuyar da kai. Ya zame ƙasa ya tsugunna, riga tana ɗiga. Amma Malam mutum ne da aka yi wa albishir yanzu-yanzu, bayan ya taho hanya yana shirin sallar gawa. Zuciyarsa ta yi laushi, kuma duk mai hankali a wurin ya ga yana nema wa surukinsa ƙofa ne.

"Albarkar da ka ara da sunana, wannan tsakanina da kai ne, na yafe saboda alherin yau," in ji Malam. "Ka ce min ba ta da lafiya, ga shi ta tabbata ba ta da ita. Ka ce asibiti, to, ga allo an rubuta. Abu ɗaya ya rage. Ka ɗauko ta a babur kan wannan hanya, ka tsayar da ita cikin zafin nan har ta faɗi. In ba ka san halin da take ciki ba, wanda bai sani ba yana da uzuri, ka ɗauki matarka ku tafi gida. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ƙofa ce a buɗe wangalau, ko makaho zai bi. Ummu Hani ta ɗan ɗaga mayafi tana girgiza masa kai. Iya Asta ta taka masa ƙafa. Bashari ya buɗe baki zai bi ta, sai idonsa ya sauka kan 'yar jar fitilar kyamara, ashe har yanzu tana ci. Ya ga tsohon likitan wasan ya harɗe hannu yana murmushi. Ya ga rabin Durun a tagogi.

"Dokta," in ji Altine daga baya, "ashe na cikin gida ma ya wuce ka?"

Bashari ya miƙe tsaye. Ya gyara igiyar wuyansa.

"Wa ya wuce? Ni? Tun sati uku na gano! Kallo ɗaya na yi mata. Shiru kawai na yi don in ga ko Iya za ta iya."

Ummu Hani ta saki mayafin ya koma kan fuskarta.

"Ka sani ke nan," in ji Malam.

"Sarai, Allah ya gafarta Malam."

"To, madalla." Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa. "A al'ada sai ciki ya kai wata bakwai ake zuwa ɗaukar yarinya goyon ciki. Mu ba za mu jira ba. Iya, ku kama ta. A fara biyawa asibitin gaske."

"Malam, yaushe za ta dawo?"

"In ta sauka lafiya, ta yi arba'in, sai mu zauna mu duba ko akwai wanda za a mayar wa."

Aka zaunar da ita a gaban mota kusa da kakarta. Bashari ya biyo su har bakin taga yana kiran sunanta. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"An ba ka hanya, Maigida," ta ce. "Kalma uku ce."

Mota ta tashi. Jama'a suka ɗare baya da butocinsu da kunun da ba a sha ba. Darakta ya fara naɗe wayoyi, yana gaya wa mai kyamara cewa likita ba mata ba shi da amfani, a koma wa biro. Bashari ya tsaya a tsakiyar hanya, jiƙaƙƙen alawayyo ya manne masa a jiki, yana kallon motar tana ƙanƙancewa.

"Wallahi ban sani ba," ya ce.

Amma a lokacin ta riga ta sha kwana.